Neman Rijiyar Kusugu da Lambobi

Duk wanda ya sauka a tashar motar Daura ya ce Kusugu yake nema, ba zai sha wahala ba. Mai shayi zai nuna masa hanya da cokalin da ke hannunsa, ɗan acaɓa zai ce hau mu je, yaron da ke tallar ruwa ma zai ce ka nufi wajen gidan Sarki, in ka isa can ka sake tambaya. Haka Bahaushe ya saba yin kwatance tun kaka da kakanni: da bishiya, da masallaci, da gidan wane, sannan da bakinka, tunda an ce matambayi ba ya ɓata. To amma akwai wata hanya ta biyu ta faɗin inda Daura take, wadda ɗan Sin da ɗan Burazil za su gane ba tare da tafinta ba. Ga ta: digiri 13 da minti 2 arewa, digiri 8 da minti 19 gabas.

Waɗannan lambobi su ne jarin wani wasa da miliyoyin mutane ke yi a duniya, wanda Turawa ke kira jiyokashin. Ni dai a Hausa na fi son in ce masa farautar ajiya. Wani ne zai ɓoye ɗan akwati a wani wuri, ya rubuta lambobin wurin a intanet, kai kuma ka ɗauki na'urar GPS ko wayarka ka bi lambobin har ka gano shi. A hutun da ya wuce na aro irin wannan na'ura ta hannu a sashenmu na nazarin labarin ƙasa, na ɗebi ƙanwata da ke aji biyu na babbar sakandare da ƙanenmu ɗan aji uku na ƙarama, muka tafi Daura mu ga ko wasan zai zauna a ƙasarmu. Sharaɗi ɗaya muka gindaya wa kanmu: daga tasha har bakin rijiya ba za mu tambayi kowa hanya ba.

Kafin mu shiga gari, bari in warware lambobin, domin ba su da wuyar da ake zato. Masana sun zana wa duniya layuka na ƙiyasi, wasu a kwance, wasu a tsaye. Lambar farko tana faɗin nisanka daga layin da ya raba duniya biyu a ƙugu, wato ikwaita. Ta biyu tana faɗin nisanka daga layin da ya ratsa unguwar Girinwic a birnin Landan. Kowane digiri ɗaya na tafiya arewa kimanin kilomita 111 ne, kuma an raba shi minti 60, ka ga kowane minti ya kusa kilomita biyu ke nan. Kano tana kan digiri 12 kusan cif. Daura tana kan 13 da ɗan ɗoriya. Ba sai ka tambayi direba ba, lissafi kaɗai zai gaya maka cewa tsakaninsu a miƙe, ba bin titi ba, ya ɗan haura kilomita 115. Katsina kuwa tana kan digiri 12 da minti 59, wato kafaɗa da kafaɗa take da Daura, in ka fuskanci gabas sosai daga Katsina ka miƙe kusan kilomita 80, a Daura za ka tsinci kanka. Ƙanwata, wadda kullum take kukan cewa darasin taswira barci yake sa ta, ita ce ta fara yin wannan lissafi a bayan littafinta tun muna cikin mota.

Yaya na'urar da ba ta fi tafin hannu ba take sanin inda kake? Yawancinmu muna zaton tauraron ɗan'adam ne yake leƙo mu daga sama. Ba haka ba ne. Na'urar ce take sauraro, taurarin kuwa ba su ma san da zamanta ba. Ma'aikatar tsaron Amurka ce ta kafa tsarin GPS. An harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a kwana ɗaya, kuma kowanne yana ɗauke da agogon da babu irinsa wajen daidaito. Aikinsu ɗaya ne dare da rana, su riƙa shelar cewa ni ne wane, ga inda nake, ga ƙarfe nawa a wajena. Saƙon yana gudu da saurin haske, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Na'urarka sai ta duba tsawon lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ta lissafa nisan tauraron.

Ka ɗauka an rufe maka ido an ajiye ka a wani wuri, aka ce tsakaninka da Kano kilomita 115 ne. Wannan bai ishe ka ba, domin wuraren da ke da wannan nisa daga Kano sun yi da'ira guda. Aka ƙara da cewa tsakaninka da Katsina kilomita 80 ne. Yanzu da'ira biyu sun gitta juna a wuri biyu kacal. Da an ce maka Damagaram tana da nisan kusan kilomita 110, magana ta ƙare, kana Daura. Haka na'urar take yi da taurari uku. Tana buƙatar na huɗu saboda agogon da ke cikinta mai araha ne, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana iya jefa ka mita 300 daga inda kake. Na huɗun ne yake gyara mata agogo. Tunda sauraro kawai take yi, ba ta cin data, ba ta buƙatar layin waya. Abin da ke cin data a wayarka shi ne sauko da hoton taswira, lambobin kansu kyauta suke saukowa kamar ruwan sama. Yau ma ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba, Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin tana da BeiDou, kuma wayoyin zamani da yawa suna sauraron fiye da ɗaya a lokaci guda.

Shi kansa wasan yana da ranar haihuwa. Shekaru da dama sojojin Amurka da gangan suke gurɓata saƙon da farar hula ke samu, ta yadda na'urar mutum za ta iya kuskurewa da mita 100. A farkon watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. Dare ɗaya na'urorin da ke hannun mutane suka ninka daidaitonsu kusan sau goma. Ranar 3 ga Mayu wani masanin kwamfuta mai suna Dave Ulmer ya ce bari ya gwada. Ya ɗauki baƙin bokiti ya zuba littattafai, da kaset na bidiyo, da danƙon harbin tsuntsu, da gwangwanin wake, da littafin sa hannu, ya kai wani daji kusa da Beavercreek a jihar Oregon, ya ajiye, ya wallafa lambobin wurin. Cikin 'yan kwanaki aka gano shi. A watan Satumban wannan shekara Jeremy Irish ya buɗe Geocaching.com da ajiya 75 kacal. Yau sun haura miliyan uku a ƙasashe fiye da 190. Dokokin ba su da yawa: in ka gano, ka sa hannu a littafin da ke ciki, in ka ɗauki wani abu ka ajiye wanda ya kai shi daraja ko ya fi shi, sannan ka mayar da akwatin daidai inda ka same shi. Ba dukiya ake nema ba, sau da yawa abin da ke ciki bai wuce maɓalli da 'yar tsana ba. Daɗin yana cikin neman, kamar dai wasan ɓuya da muka yi a dandali, sai dai wannan dandalin ya kai faɗin duniya.

Muka sauka a Daura da hantsi. Na kunna na'urar, irin rawayar nan ta kamfanin Garmin mai cin batir biyu na rediyo, muka tsaya a fili kusan minti biyu tana tattara taurari. Na riga na sa mata lambobin rijiyar da na ɗauko daga taswira. Sai kibiya ta bayyana a fuskarta, ga kuma adadin mitocin da suka rage a ƙasa.

A nan ne muka fara sanin halinta. Kibiya ba ta san katanga ba, ba ta san gidan mutane ba. Ita dai ta ce can, ko da can ɗin ta tsakar gidan wani ya bi. Tsohon gari kuwa ba a gina shi don kibiya ba. Lungu zai ɗauke ka gabas, ya karya da kai kudu, ya ajiye ka a ƙofar wani zaure inda dattawa ke zaune a kan tabarma, dole ka rage sauri ka gaishe su. Ƙanena ne ke riƙe da na'urar, kansa a sunkuye, yana ƙirga mita da ƙarfi kamar mai gwanjo. Sau biyu lambar tana raguwa sai ta koma ƙaruwa, saboda lungun ya juya mana baya.

"Yaya, wannan abin fa ya rikice," in ji shi.

"Bai rikice ba, ɗaga kanka ka dubi hanya. Shi ya san inda za mu, kai ne za ka san ta inda za mu bi."

A ganina wannan ne babban abin da wasan yake koyarwa, kuma shi ya sa na fi son na'urar hannu mai kibiya a kan manhajar waya mai cewa juya dama, juya hagu. Mai bin muryar waya zai iya ratsa gari guda bai ga komai ba. Mai bin kibiya dole ya lura da inda rana take, ya tuna lungun da ya baro, ya yi shawara da abokan tafiya. Kakanninmu fatake da suka riƙa kai goro da kanwa tsakanin Gwanja da Barno da ido suke karanta ƙasa da sama, madugu ya san gamzaki, ya san kaza da 'ya'yanta, ya san wace rijiya ce ke da ruwa a wane wata. Mu da aka haifa da waya a hannu wannan ido ne yake neman mutuwa a jikinmu.

Da lambar ta sauko ƙasa da mita 20 sai ta fara rawa, yanzu 12, an jima 17, alhali muna tsaye wuri ɗaya. Wannan ma ba lalacewa ba ce. A fili, inda sama take a buɗe, na'ura mai kyau tana kawo ka cikin mita uku zuwa biyar na abin da kake nema. Tsakanin gine-gine kuwa bango yana tare wasu saƙonnin, wasu kuma su bugi bango su dawo a makare. Masu wasan sun san cewa daga nan sai a sa na'ura a aljihu a yi aiki da ido. Mu dai ba mu sha wahala ba, don ginin da aka yi a kan rijiyar yana gabanmu.

Wanda ya taso da jin labarin Kusugu zai iya zaton zai tarar da wani ƙaton rami mai ban tsoro. Rijiya ce, irin wadda ka sani, a cikin gini, a tsakiyar unguwa, mutane na harkokinsu a kewaye. Amma da ka leƙa ka hango ruwa yana ƙyalli a can ƙasa, ka tuna cewa sunan wannan wuri yana cikin littafin tarihin kowane ɗan firamare a ƙasar Hausa, sai jikinka ya yi wani iri. Muka yi sallama, muka gaida dattijon da muka tarar yana kula da wurin. Aka jefa guga aka jawo mana ruwa, mai sanyi, muka sha. Baƙi da yawa suna ɗura shi a gora su tafi da shi gida, kuma mutanen Daura za su gaya maka cewa ba a taɓa ganin ƙafewarta ba.

Labarin kun san shi, amma ku saurare shi da kunnen mai farautar ajiya. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Barno, ya biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya nemi ruwa, ta ce ai ba a samun ruwa a garin nan sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki. Ya karɓi guga ya tafi, ya kashe macijin, ya yanke kan ya adana, ya bar takalminsa ɗaya a wurin. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta ce a nemo wanda ya yi wannan aiki. Masu cewa ni ne suka yi yawa. Amma wa ke da kan macijin? Ƙafar wa takalmin ya shiga? Ƙanwata ce ta fara lura, ta ce ashe Bayajidda ma sai da ya sa hannu a littafi. Gaskiyarta. Dokar wasan nan ta farko ke nan: faɗin na je bai wadatar ba, sai ka bar shaida a wurin, ka kuma zo da shaida daga wurin.

Daga auren Bayajidda da Daurama aka haifi Bawo, kuma daga zuriyar Bayajidda labarin ya ce aka sami sarakunan Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Masana tarihi ba su haɗu a kan yadda za a ɗauki labarin ba. Farfesa Abdullahi Smith, a wata maƙala da ya buga a 1970, ya nuna cewa kafuwar daulolin Hausa abu ne da ya ɗauki lokaci mai tsawo, ba aikin baƙo ɗaya ba. Wasu kuma suna ganin labarin yana adana tunawa da wani sauyi na gaske, lokacin da mulki ya tashi daga hannun sarakuna mata ya koma na maza. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk wannan babban labari a kan ruwan sha aka gina shi. A ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu, wanda ya buɗe wa mutane rijiya kullum ya cancanci a riƙa tuna shi.

Dattijon ya ga na'urar a hannun ƙanena ya tambaya ko waya ce. Na yi masa bayanin wasan, har na kai ga batun ɓoye akwati.

"Ɗana, akwati kuma? A ɓoye? A wannan zamanin?"

"A ƙasashen da ake yi haka suke yi, Baba."

"To, can ne. Nan in aka ga baƙo ya tura wani abu a ƙarƙashin dutse ya waiwaya ya tafi, kafin ya kai bakin titi an tara masa jama'a."

Maganarsa dutse ce. Ko a Ingila an taɓa yin haka. A watan Yulin 2011, a garin Wetherby, an ga wani mutum yana ajiye ɗan akwati a gefen titi, aka kira 'yan sanda, aka rufe titin kasuwa na sa'o'i, masu kwance bam suka zo suka tarwatsa akwatin. Ajiyar 'yan wasa ce. To ina ga arewacin Nijeriya, inda mutane suka ga tashin bam da idonsu, kuma har yanzu wasu sassan Jihar Katsina ke fama da 'yan bindiga? Wanda ya kwafo wasan nan yadda yake a Oregon ya kawo shi Daura zai iya jawo wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa. Dokokin wasan ma da kansu sun hana a binne ajiya a ƙasa, sun hana a sa abinci ko makami a ciki, sun wajabta neman izinin mai wuri, kuma ba su yarda a taɓa wuraren tarihi ta hanyar da za ta lalata su ba. Kusugu ba wurin cusa roba a ramin bango ba ne.

Sa'ar da aka yi, akwati ba shi ne ran wasan ba. Akwai nau'in da ba a ɓoye komai. Wurin kansa shi ne ajiyar, shaidar zuwanka kuwa ita ce amsa wata tambaya da ba mai iya amsawa sai wanda ya taka wurin. Wannan muka ɗauka. Muka zauna a inuwa, kowa ya ƙago tambaya ɗaya. Ƙanena ya ce taki nawa ne daga ƙofar shiga zuwa bakin rijiya. Ƙanwata ta ce wace kusurwa ƙofar ginin take fuskanta. Ni kuma na ce sai mutum ya gaida wanda ya tarar yana kula da wurin, ya roƙe shi ya faɗa masa abu ɗaya game da rijiyar wanda ba ya cikin littafin makaranta. Tawa ta fi wuya, na sani, don tana buƙatar ladabi, kuma babu tauraron da zai yi maka wannan. Amsoshin suna cikin littafinmu, cikakkun lambobin bakin rijiyar ma haka. Ba zan buga su a nan ba, aikin ku ne.

Daga nan muka auna ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, wanda yake kan karaga tun 2007. Daga nesa muka tsaya, bayan mun gaya wa dogarai abin da muke yi. A wannan fili ne ake hawan Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, bikin da Daura ta yi fice da shi. Idan ƙungiyar ɗalibai ta so, za ta iya jera zango biyar ko shida a cikin gari, kowane zango amsarsa ce za ta ba ka lambar na gaba, a fara daga Kusugu a ƙare a inda malami yake jira da kyauta. Wanda ke da abin hawa da rakiyar manya zai iya ƙarawa da Tsohon Birni, inda aka ce nan ne mazaunin sarautar kafin Daurama ta dawo da ita wurin da take yanzu.

Kada wani ya ce wannan duk wasan yara ne. Lambobin nan sun taɓa yanka ƙasar Daura kanta. Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar Ingila da Faransa, ƙarƙashin Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho, ta bi daga kogin Kwara har tafkin Cadi tana auna taurarin Allah da na'urorin wancan zamani, tana kafa alamun iyaka. Layin da suka ja shi ne ya sa yau in ka wuce Kwangwalam, tafiya kaɗan arewa da Daura, ka shiga Jamhuriyar Nijar, alhali mutanen tsallaken Hausa ɗaya suke yi da na wannan ɓangare, da yawansu ma dangin juna ne. Wanda ya iya awo shi ya yi rabo, waɗanda aka raba ba a tambaye su ba. A zamaninmu kuma an ga amfanin lambobin ta fuskar alheri. Daga wajajen 2012 masu rigakafin shan inna a jihohin arewa sun riƙa yawo da wayoyi masu GPS, aka haɗa bayanan da hotunan tauraron ɗan'adam, sai ga rugage da ƙananan ƙauyuka da ba su cikin taswirar hannu da ake amfani da ita a da, wato yaran can ba mai zuwa wurinsu. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji. Masu awon filaye, masu haƙar rijiyar burtsatse, injiniyoyin da ke shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda ya biyo ta Daura, duk da waɗannan lambobi suke cin abinci.

Akwai kuma aikin da nake ganin ya fi dacewa da 'yan sakandare, kuma ba mai yi mana shi in ba mu ba. A kowane gari na masarautar nan, daga Zango zuwa Ɓaure, daga Sandamu zuwa Mai'aduwa, akwai wuraren da tsofaffi kaɗai suka san sunansu: inda tsohuwar ƙofar gari take kafin ganuwa ta zube, kukar da ake cin kasuwa a gindinta, marinar da aka cike aka yi shaguna a kai. Ranar da tsohon ya rasu, wurin ya zama fili kawai. Ɗalibi ɗaya da waya da littafi zai iya zama da kakarsa, ta faɗa masa sunan wuri da labarinsa, ya je ya tsaya a kai ya rubuta lambobinsa. Aji guda in ya yi haka zango ɗaya na karatu, ya haɗa taswirar da babu ita a kowane ofis.

Sai dai a yi da hankali. A yi shi ƙungiya, da rana, a cikin gari, da sanin malami da iyaye, kuma a fara gaida mai unguwa, don da ɗan gari akan ci gari. Kada lamba ta ja ku daji ko kango, komai kusancin da kibiya ta nuna. Kada a auna ko a ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, barikinsu ko bakin iyaka. Kada kuma ka wallafa lambobin gidanku ko na makarantarku ta kwana a Facebook ko TikTok. Mutane da yawa ba su san cewa wayar da aka bar GPS ɗinta a kunne tana iya liƙa lambobin wuri a jikin hoton da ta ɗauka ba, wanda ka tura wa hoton zai iya sanin inda ka tsaya. Ana kashe wannan a saitin kyamara. Wanda ba shi da na'urar hannu kada ya damu, akwai manhajoji na kyauta da ke nuna lambobi da kibiya a kowace wayar Android, waya ɗaya ta ishi mutum biyar.

La'asar ta yi muka kama hanyar Kano. Na ce wa ƙanwata ta riƙe na'urar kusa da tagar mota ta sa ido a kan lambar arewa. Minti biyu ya koma ɗaya, ɗaya ya koma sifili. Kimanin kilomita huɗu kudu da gari, 13 ta juye ta zama 12 da minti 59. Ta ɗaga kai da sauri ta leƙa waje ko za ta ga wata alama. Gonar gero ce, da wani yaro yana kora awaki. Ta rubuta lokacin a littafinta, ta ce saura digiri ɗaya mu isa gida, ƙanenmu kuwa tuni ya yi barci da gorar ruwan Kusugu a cinyarsa.